Kalmar "Quite" da Masu Fassara

Cikin kalmomin Turanci da su ka shigo ƙasar Hausa ta hanyar makaranta, akwai wata 'yar gajeruwa wadda ta daɗe tana ka da masu fassara, watau "quite". Da yawansu da sun gan ta sai su rubuta "ƙwarai", su wuce. Nufinmu a nan mu nuna cewa wannan fassara rabin gaskiya ce kawai, sauran rabin kuwa barinsa na jawo ɓarna.

Bari mu fara da asalinta. Tushenta kalmar Latin ce, "quietus", watau abin da ya natsu. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, a na kiran mutumin da ya kuɓuta daga bashi da ita, wanda ba a bin sa ko anini. Daga nan, wajen ƙarni na 14, ta ɗauki ma'anar "sarai" ko "ɗungum", abin da babu saura. Haka ta zauna shekaru aru-aru. Sai a ƙarni na 19 mutanen Ingila su ka fara sassauta ta, har ta zama tana nufin "da dama", ba yabo ba fallasa. Tsohuwar ma'anar kuwa ba ta mutu ba, su ka ci gaba da zama tare.

Ga yadda a ke rarrabe su. In kalmar da ta biyo bayanta ba ta karɓar ragi ko ƙari, kamar "quite right", to, nufin shi ne daidai ne sarai. Amma in abin yana da hawa-hawa, kamar "quite good", mutumin Ingila ya kan nufi cewa ba laifi, da sauran gyara. Ba'amurke kuwa in ya faɗi haka, yawanci yabo ya ke yi sosai.

Ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda a ka kafa a 1921 a wajen Ƙofar Sauri, sun sami wata dama a nan. Makarantar ta yi suna wajen koyar da Turancin baka, kuma a cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam su ka yi karatu. Malamansu Turawan Ingila ne, saboda haka a bakin masu ita su ke jin kalmar. Wanda ya saurara da kyau zai lura in mai magana ya danna murya a kan "quite" ya rage yabon ke nan, in kuwa a kan "good" ya danna, ya ƙara shi. Takarda ba ta da murya. Wanda ya koyi kalmar daga jerin kalmomi, kowace da fassararta guda ɗaya, wannan bambanci ya wuce shi.

Kada a ce abin ƙarami ne. Ka ɗauka malami ya rubuta a takardar yaro cewa lissafinsa "quite good" ne, mai fassara ya gaya wa uban yaron yana da kyau ƙwarai. Uba ya saki jiki, alhali kuwa malamin jan kunne ya yi cikin ladabi. Haka ta kan faru ga takardar shaidar ma'aikaci, da bayanin likita a kan majinyaci.

Laifin kuma ba na Hausa ba ne, don ba ta rasa kalmomin tsaka-tsaki ba. Muna da "ba laifi", da "dama-dama", da "ɗan" kamar a "ya ɗan yi kyau", har mu kan maimaita kalma don rage ƙarfinta, mu ce "fari-fari". Gaggawa ce ke hana a zaɓa, sauri kuwa shi kan haifi nawa. Mai fassara ya duba kalmar da ta biyo baya, ya duba mutumin wace ƙasa ne ya yi rubutun, sa'an nan ya sa alƙalami.