Masu haɗa harsashi a gida a Amurka

In an tashi daga filin koyon harbi a Amurka, akan ga wasu sun duƙa suna tsintar kwanson harsashi suna zubawa a bokiti. Gida za su kai shi, su wanke, su sake ɗura shi. Harsashi dai abu huɗu ne: kwanson tagulla, da albarushi, da ƙwayar da ke fita, da ɗan ƙyastun da ke gindi, wanda kan tada wuta in an doke shi. Uku suna ƙarewa da harbi guda. Kwanso kuwa yana nan, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. A kan wannan aka gina al'adar.

Ta daɗe. Tun 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal yana sayar da kayan wannan aiki, kamfanin Lyman ya saye shi a 1925. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ba ta ƙarfi, lokacin da masana'antu suka koma yi wa soja aiki, maharbi ya rasa abin sawa a bindiga. Fred Huntington ya buɗe kamfanin RCBS a Kalifoniya a 1943. Vernon Speer ya riƙa yi wa ƙwayar harsashi riga da kwanson ƙananan harsasai da aka zubar. Da aka gama yaƙi, Bruce Hodgdon ya sayi rarar albarushin soja ya yi ta sayarwa da araha. Rashi ne ya haifi kamfanonin waɗannan mutane uku, yau ga su manya.

Ka tambayi mai wannan sha'awa dalilinsa, zai ce tsimi yake yi. Ban cika yarda ba. Kafin ya sayi matsi da ma'auni da sauran tarkace kuɗi sun tafi, in harsashi ya yi masa araha kuma sai ya ninka yawan harbinsa. Su kansu suna yi wa juna ba'a da haka. Abin da ke riƙe su a ɗakin aiki har tsakar dare shi ne neman daidaito. Bindiga biyu daga masana'anta ɗaya ba sa harbi iri ɗaya, harsashin kanti kuwa an yi shi ne don ya shiga kowacce, kamar rigar gwanjo. Shi yana son wanda aka yanka wa tasa. Zai harba biyar a takarda ɗaya daga yadi 100, ya auna tazarar hujojin, ya rubuta a littafi har da yanayin iskar ranar, ya koma gida ya canja abu ɗaya tak, ya sake dawowa. Rabin aikin rubutu ne da haƙuri.

Wannan naci ya yi wa masana'antu rana. Gwaje-gwajen wani maharbi, Elmer Keith, ne suka kai ga harsashin .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Shi ma harsashin .22-250 ya shekara da shekaru a hannun 'yan gwaji kafin kamfanin Remington ya karɓe shi a 1965.

Inda nake ja da su shi ne kirarin dogaro da kai. Mutum na iya narka dalma ya zuba ƙwayarsa, ya yi ta juya kwanso har ya tsage, amma albarushin zamani da ƙyastu daga masana'antu 'yan ƙalilan suke fitowa. A 2020, da jama'a suka ruɗe da sayen harsashi, kamfanoni suka riƙe ƙyastun don nasu harsashin. Masu alfahari da cewa ba ruwansu da kanti suka zauna da bokitin kwanso, ba abin ɗurawa.

Akwai kuma haɗarin da kirarin kan rufe. Kuskure kaɗan wajen awo yana iya fasa bindiga a fuskar mai ita, shi ya sa dattawan cikinsu ba sa harba abin da wani ya ɗura. Sai dalma. Wanda ya tuna yaran da gubarta ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ba zai ga tukunyar dalma a gareji, kusa da inda yara ke wasa, ya ɗauke ta wasa ba. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, musamman saboda manyan ungulayen jihar da ke mutuwa in sun ci mushen da aka harba.

Doka ma ba ɗaya ba ce. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta neman lasisi ga mai ɗurawa don kansa, sai in zai sayar. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin sayen albarushi. A Nijeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba tare da izinin hukuma ba.