Fim Ɗin Da Ba Shi Da Ƙurunƙus: Daga Shagon Haya Zuwa Wayar Hannu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A cikin wannan ɗan tsokaci ina so in duba yadda kiɗa ya sauya wa fim ɗin Hausa, watau yadda ya tashi daga gidan sinima da shagon hayar kaset ya koma cikin wayar hannu, da kuma irin rawar da wannan sauyi ya tilasta wa masu tsara labari. Zan ɗauki garinmu Likoro, cikin ƙaramar hukumar Kudan a ƙasar Zazzau, ya zama ma'auni, domin galibin masu sharhi daga birni suke hango al'amarin, alhali kuwa mutanen karkara suna cikin waɗanda suka goya wannan sana'a tun tana rarrafe. Ra'ayina shi ne, hanyar da fim ke bi ya isa ga mai kallo, da hanyar da kuɗin mai kallo ke bi su isa ga mai fim, su ne ke yanke wa labari tsawonsa da irin mutanen da za a sa a ciki. Da hanyar ta sauya, sai labari ya rasa ƙarshe, mutumin karkara kuma ya rasa murya.

Majigi Da Sinima

Kakanninmu da majigi suka fara, watau motar nan ta hukuma da ke zagaya garuruwa tana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, tana nuna yadda ake noman auduga da tsabtar gida. Kallo ne na kyauta, na kowa da kowa, amma hukuma ke zaɓen abin da za a gani. Sinima kuwa abin birni ce. A Kano an buɗe ta Rex a 1937, wasu suka biyo baya, irin su Palace da Plaza da Orion da Marhaba. Gobarar da ta tashi a sinimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa Bahaushe ƙyamar wurin, har ya zama idan an ce wane ɗan sinima ne, to ba yabo ake yi ba.

Saurayin Likoro da ke son kallo sai ya tafi Zariya, ya ga fim ɗin Indiya ko na kaboyi ko na 'yan kareti, ya dawo ya ba abokansa labari a dandali. Matar aure kuwa ba ta da rabo a ciki ko kaɗan. Fina-finan Hausa da suka shiga sinima ba su da yawa; fitaccensu shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk da haka sinima ta bar mana darasi guda: mutum ya biya kuɗin ƙofa, dole a gama masa labari kafin a kunna fitila.

Zamanin Shagon Haya

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna ya zama fim, Sangaya ya fito a 1999, Wasila ya biyo a 2000. Cibiyar cinikin ita ce kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, inda dillalai ke saye su rarraba. Daga hannunsu kaset ke bi ta Zariya har ya iso ɗan shagon haya na gari irin namu, inda ake jera kwalaye a kan katako, a manna fastoci a jikin ƙofa.

Wannan shago shi ne ya kai fim inda sinima ba ta taɓa kaiwa ba, watau cikin gida, wajen mata. A aiki yaro ya karɓo kaset da la'asar, a tada janareta bayan sallar isha'i idan babu wuta, matan gida da na maƙwabta su taru a tsakar gida. Ba shiru ake kallon ba. Wannan ta tsine wa kishiyar da ke cikin fim, waccan ta kāre ta, tsohuwa ta ce ƙarya ne, ba haka ake kai lefe ba. Gari na wayewa yaro ya mai da kaset, tare da hukuncin gidan: ko a ce a ajiye musu kashi na biyu, ko a ce kada a sake ba su irin wannan shirme. Mai shago ya ji daga gida goma, in ya koma sari ya san abin da zai ɗauko da abin da zai bari. Dillali shi ma ya ji daga bakin masu shaguna, ya gaya wa mai shirya fim. Ta haka ra'ayin matan Likoro da Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara yake tafiya sannu a hankali har ya isa Kano.

Shaidar wannan ita ce bunƙasar fina-finan barkwanci da ake kira camama. 'Yan boko sun raina su, amma marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya shekara da shekaru yana fitowa a matsayin baƙauye, ko ɗan acaɓa, ko mai gadi, kuma kasuwa ba ta gaji da shi ba, domin masu hayar kaset suna ganin kansu da maƙwabtansu a jikinsa.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa zamanin ba shi da aibi. Masu shirya fim sun yi ta kukan cewa mai shago kaset ɗaya yake saye ya ba gida ɗari haya, su ko kwabo ba ya ƙara shiga aljihunsu, kuma gaskiyarsu ce. Dillalai sun matsa a cusa waƙa da rawa irin ta Indiya ko da labari bai nema ba. An riƙa raba fim kashi biyu don a ci kuɗi sau biyu. Amma ko a hakan, labari yana da iyaka. Dubi Sangaya: 'yar aiki ce a gidan sarauta, ɗan sarki yana wulakanta ta, daga baya so ya kama shi. An ƙulla, an warware, an tashi. Mai kallo yana iya riƙe labarin duka a kansa, ya auna farkonsa da ƙarshensa, ya ce ya yi ma'ana ko bai yi ba. Sharhi ba ya yiwuwa sai da wannan.

Yadda Shago Ya Mutu

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin ya faru ba. A Amurka kamfanin Blockbuster, wanda ya taɓa mallakar dubban shagunan haya, ya karye a 2010, bayan da Netflix ya fara aika fim ta intanet a 2007. Amma namu shagon ba Netflix ne ya kashe shi ba. Da farko faifan sidi ya maye gurbin kaset, ya yi arha, ya kuma yi sauƙin kwafa, har saye ya kusan zama daidai da haya, masu satar fasaha suka cika kasuwa. Sa'an nan wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta girma ta zama akwatin kallo. Sai ga masu tura fim, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, sun kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwa da tasha, suna zuba wa mutum fina-finai a memori da kuɗi kaɗan, har da na Indiya da aka juya zuwa Hausa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo shiri mai dogon zango cikin gidaje. Sababbin gidajen sinima da aka buɗe a Kano, kamar wanda aka yi a rukunin shagunan Ado Bayero, na masu hali ne na birni. Da zaman gida na annobar korona ya zo a 2020, sai masu fim suka yi ƙaura gaba ɗaya zuwa YouTube, inda Izzar So da Labarina suka nuna wa saura hanya.

Labari Mai Dogon Zango

A nan ne rawa ta sauya. YouTube daga kuɗin talla yake biyan mai fim, gwargwadon yawan waɗanda suka kalla da tallan da aka nuna musu. Saboda haka abin da mai fim ke bukata shi ne mutane su dawo kowane mako. Ranar da labari ya ƙare, ranar kuɗi suka tsaya. To, wa zai yanka kazar da ke yi masa ƙwai?

Labarina, na Aminu Saira, ya fara da ƙarfi. Hoto mai kyau, zance mai nauyi, ga Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, uban da son abin duniya ya rufe wa ido, wanda a ganina yana cikin taurari mafi armashi da fim ɗin Hausa ya taɓa ƙirƙira. Amma labarin Sumayya ya yi ta miƙewa har wadda ta fara fitowa a matsayinta, Nafisa Abdullahi, ta bar shirin, aka kawo Fati Washa ta ci gaba da sunan. Labarin da ya fi ƙarfin zaman 'yan wasansa, lalle ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Izzar So, na Lawan Ahmad, ya ginu a kan tirka-tirkar Umar Hashim, talaka mai gaskiya, da Hajiya Nafisa mai izza. Jigo ne mai kyau, wanda sa'a uku za ta ishe shi, amma ya haura kashi ɗari. Idan an warware makirci yau, gobe a ƙulla wani irinsa. A ɓata minti biyar ana gaisuwa, a ɓata wasu mota tana shiga gida, a yanke a daidai inda za a faɗi sirri.

Tatsuniyarmu tana farawa da ga ta nan ga ta nanku, tana ƙarewa da ƙurunƙus, kuma a bakin ƙurunƙus ne yaro ke gane abin da ya sami Gizo da dalilin da ya sa. Ƙarshen labari shi ne hukuncin marubuci a kan mutanensa. Wanda ya ƙi kai labari ƙarshe ya guje wa yanke hukunci ke nan, ya bar mai kallo da jiran da ba darasi a cikinsa.

Ina Muryar Likoro?

Abu na biyu ya fi damuna. Makaɗi wajen mai yi masa kari yake juya fuska. Kuɗin talla ba ɗaya ba ne a kowace ƙasa: kallon Bahaushen da ke zaune a Ingila ko Amurka ya fi kawo kuɗi a kan kallon wanda ke Nijeriya. Manomin rake na ƙasarmu kuwa sau da yawa ko cikin lissafin ba ya shiga, domin data tana da tsada, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta amince da shi a 2025. Wajen mai tura fim yake zuwa. Ya biya, ya kalla, ya ji daɗi ko ya ji haushi, amma na'urar YouTube ba ta ƙirga shi ba, mai fim bai san da shi ba. Kuma yanzu kowa da wayarsa, da abin ji a kunne, uwa a ɗaki, 'ya a zaure. Majalisar tsakar gida ta watse, yaron da ke kai hukunci shago ya rasa aike.

Sakamakon yana bayyane a fuskar allo: kamfanoni, da manyan falo, da motoci masu baƙin gilashi, da 'ya'yan masu kuɗi da suka dawo daga Turai. Gona da kasuwar ƙauye da bakin rijiya sun zama wurin da ake zuwa ɗauko 'yar aiki ko boka. Abin lura, shirin da ya fi riƙe talaka da mutuncinsa, watau Daɗin Kowa, da su Kamaye da Adama, a tashar talabijin aka haife shi, inda ba ƙirgen dannawa ke ciyar da shi kai tsaye ba. Shi ma dogo ne, amma labarin gari ne sukutum, gari kuwa ba ya ƙarewa. Laifin yana ga wanda ya ɗauki labarin mutum biyu ya ja shi kamar danƙo.

Ban manta da alherin sabuwar hanya ba. Mai data a Likoro yana ganin sabon kashi a daren da ɗan Kano ya gan shi. Hausawan Kumasi da Sudan da Makka sun sami abin da ke haɗa su da gida. Yaro mai basira ba ya bukatar durƙusa wa dillali kafin a ga aikinsa. Waɗannan riba ce ta gaske, shi ya sa ba komawa baya nake nema ba.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Ta farko ga marubuta: a rubuta ƙarshen labari kafin a ɗauki kashi na farko, a faɗa wa jama'a kashi nawa ne, idan an kai a tsaya, a fara wani sabo. Ta biyu ga masu shiryawa da ƙungiyoyinsu: masu tura fim su ne magadan shagon haya, a jawo su cikin tsari yadda kuɗin mutumin karkara da ra'ayinsa za su riƙa isa ga mai fim. Ta uku gare mu ɗaliban Hausa: kaset da faifan da suka rage a tsofaffin shaguna suna lalacewa cikin ƙura da zafi, ya kamata mu tattara su mu adana, mu kuma riƙa rubuta sharhi a kan shirye-shiryen yau ba tare da tsoro ko son kai ba. Tun da majalisar tsakar gida ta tashi, wani ya zama dole ya gaya wa mai ba da labari cewa dare ya yi, a kai mu ƙurunƙus.