Mutumin da ke tsaye a lungu da taba a hannu

A kashin farko na The X-Files, wanda tashar Fox ta Amurka ta haska ranar 10 ga Satumba 1993, akwai wani dattijo da ke tsaye a gefe cikin ofishin hukumar FBI yana zuƙar taba, ana yi wa Dana Scully bayanin sabon aikinta. Bai ce uffan ba daga farkon kashin har ƙarshensa. Sai can a ƙarshe muka gan shi yana tafe tsakanin dogayen kantoci a wani ɗakin ajiya na Pentagon, ya ɓoye wata shaida, ya juya. William B. Davis, ɗan Kanada da ya fito a wannan matsayi, an ɗauko shi ne don cike gurbi kawai. Bayan 'yan shekaru sai ya zama fuskar duk wata maƙarƙashiya da shirin ya ginu a kai.

Damuwata ita ce yadda ake shirya finafinai masu dogon zango a yau ba ya barin irin wannan mutum ya girma. Zangon farko na The X-Files kashi 24 ne, na biyu 25, kuma kafin a dakatar da shi a 2002 an haska kashi 202. Yanzu dubi magadansa, masu ba da labarin asirin gwamnati ko na manyan kamfanoni: Stranger Things ya fara da kashi 8 a 2016, Severance ya fara da 9 a 2022, sannan masu kallo suka jira har 2025 kafin zango na biyu. Ana rubuta komai a ɗauke komai kafin wani ya kalli kashi ɗaya. Hoto ya fi kyau, labari ya fi tsari, ban musa ba. Amma wanda aka rubuta masa tsayuwa a lungu, a lungun zai ƙare.

Chris Carter, wanda ya ƙirƙiro The X-Files, da marubutansa suna rubutu ne ana haskawa, suna ganin abin da ya kama zukatan mutane. Lokacin da Gillian Anderson, wadda ta fito a Scully, ta samu juna biyu, dole aka nemi hanyar janye Scully na ɗan lokaci a zango na biyu, sai aka ƙirƙiro labarin sace ta. Wannan larura ce ta buɗe wa Alex Krycek, ɗan koren mai taba, ƙofa, ta ƙara wa mai taba bakin magana, ta kuma fito da Walter Skinner daga matsayin shugaban da aikinsa faɗa kawai.

Skinner ne ya fi tsaya mini a rai. Mitch Pileggi ya fito da shi a matsayin ma'aikacin gwamnati da ke tsaka mai wuya: a sama akwai mutanen da ba su da suna a takarda amma suna shiga ofishinsa ba sallama, a ƙasa akwai ma'aikata biyu, Scully da abokin aikinta Mulder, da ya san gaskiya suke bi. Shekaru ya ɗauka yana jan ƙafa, yana sa hannu kan abin da bai yarda da shi ba, yana kare Mulder a ɓoye yana tsawata masa a fili. Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin shugaba mai kirki amma mai tsoro zai gane shi. Shi ya sa abin da ya faru a kashin Paper Clip na 1995 yake da nauyi. Mutanen mai taba sun ƙwace kaset ɗin da ke ɗauke da asiran gwamnati, shi kuma yana ganin ya gama. Sai Skinner ya gabatar masa da Albert Hosteen, dattijon ƙabilar Nabaho, wanda ya haddace abin da ke ciki ya kuma karantar da mutum ashirin daga cikin mutanensa, bisa al'adarsu ta adana zance a ka. Da ba mu yi fiye da shekara guda muna kallon Skinner yana haɗiye magana ba, da wannan tsayuwar tasa ba ta girgiza kowa ba.

Haka abokan nan uku, Byers da Frohike da Langly, masu buga 'yar jaridar tonon asiri. Sun fara fitowa a 1994 don wani ɗan gajeren zama da Mulder, kuma Tom Braidwood da ya fito a Frohike mataimakin darakta ne a wurin ɗaukar shirin a Bankuba. Mutane suka so su, aka riƙa dawo da su, har suka samu shirin kansu a 2001, mai kashi 13.

Labarin maƙarƙashiya ya fi kowane labari buƙatar waɗannan mutane, domin maƙarƙashiya aikin taro ne. Abubuwan da suka ba shirin ƙarfi ba ƙage ba ne. Gwajin Tuskegee, inda hukumar lafiya ta Amurka ta bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972, likitoci da ma'aikatan jinya da akawu ne suka tafiyar da shi, kuma wani ƙaramin ma'aikaci, Peter Buxtun, shi ya fasa ƙwan. A badaƙalar Watergate, mai tsegunta wa 'yan jarida, wanda shirin ya ari laƙabinsa ya ba mai taimakon Mulder na farko, sai a 2005 aka san Mark Felt ne, mataimakin shugaban FBI. Idan shiri ya tsaya kan jarumi da babban mugu kawai, ya bar wurin da asiri ke kwana da tashi.

Za a ce dogon zango yana zuwa da ɓata lokaci. Gaskiya ne, akwai kashi-kashi na The X-Files da ba zan sake kallo ba, kuma zaren labarin halittun wata duniya ya cukurkuɗe a zangunan ƙarshe. Amma daga wannan yalwar ne aka samu kashin 1996 da ya nuna mai taba a ɗakinsa shi kaɗai, yana buga labaran da yake fatan a wallafa, ana mayar masa da su. Daga nan ne kuma Vince Gilligan ya rubuta Drive a 1998, ya ga Bryan Cranston a matsayin baƙon kashi ɗaya, yana zaune a kujerar baya ta mota da bindiga, mutum mai mugun baki wanda duk da haka sai ka tausaya masa. Shekara goma bayan nan, da zai fara Breaking Bad, shi ya tuna.