Aljihun Babbar Riga da Masu Fassara Shi: Sharhi daga Ƙasar Wudil

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a sake duba yadda manazarta suke kallon aikin aljihun babbar riga, musamman irin wanda ake kira aska biyu da aska takwas. Ƙasar Wudil, wadda Acika take cikinta tare da Darki da Utai da Indabo, ta daɗe da yin suna wajen ɗinkin hannu, don haka da ma'aunin maɗinkin wannan ƙasa za mu auna abin da aka rubuta.

Ba a raina ƙoƙarin magabata. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a London a 1976, kuma ya kammala kundin digirinsa na uku a kan adon ɗinkin tufafin Hausa a 1979. Colleen Kriger, a maƙalarta ta 1988 da littafinta na 2006, ta nuna cewa rigar ta bunƙasa ne a ƙarƙashin daular Sakkwato, inda sarakuna suke kyauta da ita, kuma akwai hannun Nufawa da Yarabawan Ilori a cikinta. Tun a 1851 ma Barth ya tarar da rigunan Nufe a kasuwar Kano. Wannan duk ya zauna.

Inda muke da ja shi ne abin da masu bin sawunsu suka mayar da hankali a kai. Tambayar da ta fi damunsu ita ce: mece ce ma'anar zanen? Sai a ce aska kariya ce daga kambun baka, tambari alamar mulki ne, gidan biyar kuwa hatimin malamai ne. Mai yiwuwa akwai ƙamshin gaskiya, domin sau da yawa malami ko almajiri ne yake zana aikin da alƙalami da tawada kafin allura ta hau. Amma fa suna linzami ne, ba hujja ba. Bahaushe yakan raɗa wa abu sunan abin da ya yi kama da shi. Zane mai tsini ya kira shi aska, ba lalle don yana nufin ya yanke sharrin kowa ba. Wanda ya ɗora ginin fassara a kan suna kaɗai, to, ya yi gini a kan toka.

Ga misali daga nesa. A Amurka akwai mayafin da mata suke harhaɗawa da ƙyallaye, wanda ake fitar da tauraro mai tsini takwas a tsakiyarsa. Matan ƙabilar Lakota sun karɓi wannan ɗinki a ƙarshen ƙarni na 19, suka mayar da shi abin girmama mutum a madadin fatar ɓauna da aka ƙarar. Ma'anar tauraron sananniya ce a wurinsu, amma mai ɗinki ba da ita take gane gwana ba. Tsini takwas ne za su haɗu a cibiya ɗaya, kowanne da kusurwar digiri 45. In aka yi kuskure ko da na faɗin zare ne, sai ya ninka sau takwas, cibiyar ta kumbura, mayafin ya ƙi shimfiɗuwa. A cibiya ake kama mai ganda.

Haka abin yake a aljihun riga, sai dai shi a tsini ake kama shi. Aska tana farawa da faɗi, ta yi ta ramewa har ta ƙare a kan zare ɗaya. Dole maɗinki ya riƙa rage ɗinkin sannu a hankali, kuma jan zarensa ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In ya cika ja, ƙyallen ya tattare. In ya sassauta, aikin ya tashi bayan wanki ɗaya, bugu ya ƙarasa shi. Ga kuma zaren kansa. Tsamiya, wadda ake samu daga saƙar tsutsa, ba ta da santsin alharinin da fatake suka riƙa kawowa daga Tarabulus a da. Kaurinta ba ya zuwa daidai, sai hannun da ya san ta. Shi ya sa dillalin riguna a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a ba ya tambayar ma'ana. Juya aljihun yake yi ya duba bayansa, ya shafa, ya ɗaga shi a rana. Wannan ma tarke ne, har ya fi na wasunmu tsanani, domin da kuɗi ake biyan kuskurensa.

Wani abin takaici kuma, rigar da take gidan tarihi akan jingina ta ga wanda ya sa ta ko wanda ya sayo ta. Masaƙi da marini da mai zane da mai ɗinki da mabugi, hannu biyar ke nan aƙalla, duk a shafe su da kalmar “Hausa”. Da waƙa ce aka yi wa haka, da sashen adabi ya tayar da ƙura.

Tun da keken aiki ya bazu, sannan na'ura mai kwamfuta ta biyo baya, aska takwas tana fita cikin ɗan lokaci, tsininta kuma ba ya karkata. Mai neman ma'ana ba zai ga bambanci ba, gama zanen bai sauya ba. Ɗalibin da yake neman batun kundi, gara ya tafi Acika da littafin rubutu, ya zauna a zauren maɗinka, ya tattara kalmomin da suke yabo da kushe da su, kowace tare da ƙyallen da aka faɗe ta a kansa.