Hedkwata, Helkwata ko Shalkwata? Tsokaci a Kan Wata Kalmar Aro

1.0 Gabatarwa

Tun da Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, da wuya a karanta labarin birnin da Hausa ba a ci karo da kalmar da aka aro daga headquarters ta Ingilishi ba. Sai dai kalmar ba ta da kama ɗaya a rubuce. Wani ya rubuta hedkwata, wani hedikwata, wani helkwata, wani kuma shelkwata ko shalkwata. Akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu fassara cewa siga ta farko ita ce daidai, domin ita ta fi kusa da asali, sauran kuwa gurɓatattu ne. Wannan maƙala ta ƙalubalanci ra'ayin nan ne.

2.0 Asalin Kalmar

A Ingilishi harɗaɗɗiyar kalma ce mai sassa biyu. Na farko, head, gadajje ne daga tsohon Ingilishi, ma'anarsa kai, daga nan kuma shugaba ko babba. Na biyu, quarters, ya shigo ta Faransanci daga Latin, inda tushensa ke nufin kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'anar ta faɗaɗa zuwa sashen gari, sannan masaukin soja. A ƙarni na 17 aka haɗa su don nufin masaukin kwamandan runduna, daga baya aka yafa wa kowace ma'aikata da ake juya rassa daga cikinta.

Ta bakin soja da ma'aikatan mulki kalmar ta iso ƙasar Hausa. An kafa Rundunar Afirka ta Yamma a 1897, kuma mazaunin gwamnatin Arewa ya yi ta ƙaura, ya sauka Zungeru a 1902, ya koma Kaduna a 1917. Waɗanda suka fara jin kalmar ke nan da kunne suka ɗauke ta, ba daga takarda ba.

3.0 Hukuncin Tsarin Sauti

A nan ne ra'ayin da ake magana a kai ya yi tuntuɓe. Hausa ba ta son baƙi irin /t/ ko /d/ ya rufe gaɓa. Kamar yadda Klingenheben ya nuna tun wajen 1928, irin wannan baƙi yakan rikiɗe ya koma ra-gare, shi ya sa tilon fatake ya zama farke, wanda ake kuma ji da lafazin falke. To, abin da ya mai da /t/ ta zama /l/ a falke, shi ne ya mai da /d/ ta zama /l/ a helkwata. Akwai ma shaida ta kusa: headman, shugaban leburori, ya zama heluma, kuma ba a ji wanda ya nemi a gyara shi ba.

Wata dabarar ita ce saƙala wasali don raba baƙaƙen, kamar yadda aka yi a hedimasta. Ita ta haifar da hedikwata. Shelkwata kuwa, bisa dukkan alamu, ganɗantawa ce ta /h/ a gaban wasalin gaba, irin wadda ake ji a wasu kare-karen harshe na Jamhuriyar Nijar, inda hita kan koma shita. Ashe cikin sigogin nan duka, hedkwata ce kaɗai ba ta bi ƙa'idar gaɓar Hausa ba. Idon ɗan boko ne ya riƙe ta, domin yana hango rubutun Ingilishi a bayanta. Da kusanci da asali shi ne ma'auni, da sai a sake wa asibiti da makaniki da sukudireba fasali.

Haka abin yake a ƙirar kalma. Bahaushe bai ɗauke ta a matsayin harɗaɗɗiya ba. Ya yar da ɗafin jam'in Ingilishi, ya ba ta jinsin tamata saboda wasalin ƙarshe, ya ce helkwatar 'yan sanda, ya kuma gina mata jam'i irin nasa, helkwatoci. Abin sha'awa, sashen nata na biyu ya sake shigowa shi kaɗai da ɗafinsa, ya zama kwatas, kamar gidajen da aka gina wa 'yan majalisa a Apo. Ga kuma kwata ta agogo, ta ƙarfe uku da kwata. Tushe ɗaya, aro uku, kuma mai magana bai damu da dangantakarsu ba.

4.0 Ma'ana a Abuja

Kafin Doka ta 6 ta 1976 ta ƙirƙiro Yankin Birnin Tarayya, kalmar ta riga ta ɗauki ma'anar gari sukutum, kamar a helkwatar lardi ko ta jiha. Abuja ta zo ta tara ma'anonin wuri guda. Ana kiran birnin helkwatar ƙasa, alhali a cikinsa akwai helkwatar tsaro, da ta hukumar zaɓe a Maitama, da ta ƙungiyar ECOWAS. A bakin ƙaramin ma'aikaci kuma, idan ya ce umarni ya zo daga helkwata, manyansa yake nufi, ba gini ba.

Masu son a maye ta da cibiya ko mazauni ba su lura da wannan ma'ana ta ƙarshe ba. Cibiya wurin haɗuwa ce, ba ta ɗauke da ikon umarni; mazauni kuwa bai bambanta babban ofis da reshe ba. Inda gyara ya wajaba shi ne kiran Abuja helkwatar ƙasa a takardun hukuma, tunda babban birnin tarayya ya zauna daram.

Tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun fi mai da hankali ga haruffa da rabon kalmomi. Zaɓen siga ɗaya ga kalmar aro aikin masu ƙamus ne, kuma idan za a zaɓa bisa hujjar harshe, helkwata ce ke gaba, hedikwata na bin ta.