Barewa, 'Yan Zari-Ruga na Kano

A garin da hirar matasa ba ta wuce Kano Pillars da ƙungiyoyin Ingila, sai mai taurin kai ne zai rungumi wasan zari-ruga. 'Yan ƙungiyar Barewa sun rungume shi, sun kuma yi shekaru suna riƙe da tutar Kano a gasar yankin Arewa, inda suke karawa da takwarorinsu na Kaduna da Zariya da Jos. In aka zo matakin ƙasa, manyan ƙungiyoyin Legas irin su Cowrie da Racing ne ke jiransu.

Wasan ba na rago ba ne. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, minti 80 ana gwabzawa. Ba a jefa wa aboki ƙwallo gaba, sai gefe ko baya. Wanda ya kutsa ya dangwala ta bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2. A Turai kan ciyawa mai laushi ake faɗuwa. A Kano kuwa, da hunturu, ƙasa ta bushe ƙamas, duk wanda aka kayar sai ya tashi da ƙujewa a gwiwa, ya kakkaɓe ƙura ya koma layi.

Tun 1995 aka halatta biyan 'yan wasa albashi a duniyar zari-ruga, amma a nan sha'awa ce jarin.

Aikin 'yan Barewa da ya fi cancantar jinjina shi ne jawo yaran makaranta cikin wasan. Matasan Arewa, da suka tashi da kokawa, da an kai musu wannan ƙwallo ba za su sha wuyar koyon kayarwa ba.