Tonon Taska ko Neman Sani? Nazari a kan Hutun Yara a Gidan Tarihi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a gidajen tarihi. Idan makarantu sun rufe don babban hutu, iyaye su kan kai ƴaƴansu gidan tarihi da safe, su ɗauke su da la'asar, kullum har mako guda ko biyu. Ana raba yaran bisa shekarunsu, kowace rana da abin da za a bincika: yau ƙasusuwan dinozor, gobe taurari, jibi Masar ta zamanin Fir'auna. Al'adar tana da asali mai nisa. An buɗe gidan tarihi na farko da aka keɓe wa yara a Buruklin ta birnin New York a 1899. A 1937 masanin kimiyya Jean Perrin ya kafa Palais de la découverte a Paris domin jama'a su ga gwaji da idonsu, a 1969 kuma Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium a San Faransisko, inda aka yarje wa mai ziyara ya taɓa, ya murɗa, ya gwada da hannunsa.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake, gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya ƙarƙashin haƙarƙarin dabbar da ta fi mota tsawo ba zai manta ba, ko da ya manta da darasin aji goma. Saboda haka ba abin mamaki ba ne malamai da ƙungiyoyin al'adu na Nijar su yi sha'awar kwaikwayonsa. Amma kafin a ɗauko shi ɗungurungum, ya kamata a dubi wasanni biyu da suka fi farin jini a cikinsa, domin su ne suke tona rauninsa.

Na farko shi ne dutse mai aman wuta da ake ginawa da laka. A zuba bikarbonat a ramin, a ƙara binegar, kumfa ta taso, yara su yi sowa. Sai dai abin da ya faru haɗuwar tsami ne da gishirin da ke kashe shi, wadda ke fitar da iska. Dutsen gaske narkakken dutse yake fitarwa daga ƙarƙashin ƙasa saboda zafi da matsi. Yaro ya ji daɗi, amma ya koma gida da bayanin da ba shi ne ba.

Na biyu ya fi haɗari. Ana cika akwati da rairayi, a binne ƙasusuwan roba ko ɓallin tukwane, a ba yara cokali da buroshi, wanda ya riga tono abu shi ne gwani. Darasin da wannan wasa yake koyarwa shi ne darajar tana jikin abin da aka samu, kuma sauri ne gwaninta. Ga masu binciken kufai kuwa, darajar tana wurin da abin yake kwance: zurfinsa, irin ƙasar da ta rufe shi, abin da ke sama da shi da abin da ke ƙarƙashinsa. Tukunyar da aka fizge daga wurinta ba tare da awo da zane ba ta zama kurma, ba ta da sauran labarin bayarwa.

A wata ƙasa ana iya ɗaukar wannan kuskure a matsayin wasan yara. A Nijar an san abin da ya haifar. A 1975 aka gano makabartar Bura a yankin Tera, a 1983 kuma Boubé Gado ya tone ta bisa ƙa'ida, ya fito da ɗaruruwan tukwanen binne mamata, wasu da kawunan mutane na yumɓu a kansu. Bayan an nuna kayan a Paris a 1993, dillalan ƙetare suka yi caa, aka shiga tonon dare a kufai da dama, har a shekarar 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya kayan Bura cikin jerin abubuwan Afirka da ke cikin haɗari. Mutanen da suka yi wannan ɓarna ba komi suka yi ba illa wasan akwatin rairayi, da manyan shebura. Gidan tarihin da zai tara yara ya koya masu gasar tono, to yana renon magadansu ne da hannunsa.

Abin da ya kamata ya zama ginshiƙin irin wannan hutu tambaya ɗaya ce: ta yaya aka sani? Ita ce ke haɗa kimiyya da tarihi, waɗanda jadawalin makaranta ya raba wa malamai biyu. Gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da kayan amsa ta fiye da gidaje da yawa na Turai. Ga ƙasusuwan dinozor na Gadufawa, inda Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus nigeriensis, dabbar da ta rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce. A cikin Tenere ɗin kuma, a Gobero, ayarin Paul Sereno ya gano kaburburan masunta a shekarar 2000, na zamanin da hamada take da tabkuna. Yaro yakan ɗauka duka zamani ɗaya ne, wato "da can". Sai a bayyana masa cewa ana auna shekarun ragowar mutane da sinadarin karbon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730, kuma ba ya aiki bayan shekara kamar 50,000, don haka shekarun dinozor daga hawa-hawan duwatsun da suka rufe shi ake gane su. Yaron da ya fahimci wannan bambanci ya samu abin da kumfar binegar ba za ta ba shi ba. Haka itacen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973 aka kawo shi gidan: me ya sa itace guda ya rayu a inda babu wani? Amsar tana cikin saiwoyinsa da suka nitsa fiye da mita 30 neman ruwa, daga nan kuma sai labarin ayarin gishiri ya biyo baya.

Saura batun harshe da na lokaci. Yaro yakan haddace amsa da kowane harshe, amma da harshen da ya tashi da shi yake yin tambaya. Idan bayanin allo da na mai jagora duka da Faransanci suke, ɗan shekara tara zai yi shiru ya gyaɗa kai, a ɗauka ya gane. Ƙasar da ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram tun 1973 ba ta da uzurin mantawa da haka. Sannan babban hutu a nan damina ce, lokacin noma. Shirin mako biyu na yini cur, mai kuɗin shiga, a babban birni, na ƴaƴan ma'aikata ne kawai. Amma tambayar ba ta bukatar Yamai. Yaron jihar Tawa yana iya tsintar ɓawon halittun teku a duwatsun da ake yin siminti da su a Malbaza, ya tambayi yadda teku ya zo nan. Na Damagaram yana da unguwar Birni da fadar sarki. Na Maraɗi yana iya bin sawun ambaliyar 1945, wadda ta sa aka tashi garin daga kwari zuwa tudu, ya gwada abin da tsofaffi ke faɗi da abin da ƙasar ke nunawa.

Ƙungiyar da za ta shirya wa yara irin wannan hutu tana iya riƙe akwatin rairayinta, muddin ta sauya dokar wasan. A ɗaura zare a raba shi gida-gida, a ba kowane yaro takarda da ma'auni, kada a ɗaga komi sai an zana wurinsa. Lada kuwa a ba wanda ya iya faɗin abin da aka fara binnewa, da hujjar da ta sa ya ce haka.